Zaren Damben Kawu

Jiya maƙwabciyata ta gurɗe ƙafa, ta aiko a ba ta man zafi. Ina buɗe kwalbar, jan man nan na China, sai na ji ni a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, hawa na bakwai, ina shafa wa Kawu a kafaɗa. Sai da na nemi wuri na zauna.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Babana ya rasu, Umma ta tafi da ni Guangzhou inda take sarin takalma tana aikawa Kano. Yayanta, Kawu, shi ke ɗaure mata kaya. Tsohon ɗan dambe ne, jinin mahauta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ni dai shi na sani uba.

Damina ce irin ta can, zafi da gumi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Shekarar da China za ta karɓi wasannin Olamfik ce kuma, aka matsa wa baƙi a kan biza. Ta Kawu saura 'yan makonni, an ƙi sabuntawa. Ana cikin haka wani ɗan China mai gidan motsa jiki, wanda kowa ke ce wa Laoban, wato maigida, ya fara haɗa wani sabon faɗa a saman wani sito: mai kokawa, mai naushi, mai shuri, duk fili ɗaya. Abin bai yi suna ba tukuna, kujerun roba ne da fanka biyu. Ya ce in Kawu ya ci wasa ɗaya, zai ɗauke shi mai koyarwa ya nema masa takardar zama.

Umma ta ce, "Yaya, da furfurar taka?"

Ya ce, "Ke, furfurar ce za ta kai naushin?"

Wani tafinta ya yi masa bayani sau biyu: a wannan faɗan faɗuwa ba ta ƙare wasa, in mutum ya zube ka bi shi ƙasa sai alƙali ya raba. Kawu ya ce ya ji. Ya kuma ji, ina wurin. Amma ku sani, a dambe da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Shekara ashirin ya yi a kan haka.

Ranar Lahadi ce bayan la'asar. Ya fito da zarensa zai naɗe hannun dama, aka ce meyo, wato babu, aka ba shi safar hannu mai yankakkun yatsu. Ya miƙo mini zaren ya ce, "Riƙe mini, Uwata." Kanawa sun cika rabin wurin. Babu kalangu, sai wani ɗan Maraɗi ya kife kwali yana kaɗa masa.

Abokin karawar ɗan kokawa ne, a haife Kawu ya haife shi. Kawu ya miƙa hagu, ya ja dama baya, yana taku kamar a filin gida. Naushi ɗaya ya kai. Saurayin ya zube. Wuri ya ɗauka, "Ya kashe! Ya kashe!" Umma kaɗai ke ihun, "Bi shi, Yaya! Danne shi!"

Kawu ya sunkuya ya miƙa masa hannu don ya tashe shi.

Saurayin ya cafke hannun, ya fizgo shi ƙasa, ya naɗe shi da ƙafafu. Daga inda nake na ji ƙarar kafaɗar.

Ban taɓa ganin laifin saurayin ba, dokarsu ya bi. Washegari ma shi ya hawo bene bakwai da lemo da man nan. Umma ta je wajen Laoban har sau uku, amsa ɗaya: meyo. Da ta dawo ta tsaya kan Kawu ina shafa masa mai.

"Ba a faɗa maka ba?"

"Kunnena ya ji. Hannun ne bai ji ba." Can ya ce, "Ko da ya ji ma, mutum yana ƙasa fa."

Kafin a buɗe wasannin Olamfik ya koma gida. Mu muka ƙara shekara uku, kafin mu dawo ya rasu.

Yanzu 'ya'yana na kallon faɗan nan a waya, cikin keji, ga fitilu ga jama'a. Na Laoban an ce ya ɗan bunƙasa ya mutu, ba mai tuna siton. In na ga an hau kan wanda ya faɗi ana duka, ƙwace wayar nake. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, wata rana haushin Kawu nake ji. Da ya ƙara masa naushi biyu kacal, da na ƙara shekara uku da uba.

Ranar tafiyarsa na bi shi bakin mota da zaren. Ya dube shi, ya mayar mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai. Ya ce, "Ai ban ce ki kawo ba."

Yana cikin akwatina. Har yau ina riƙe masa.