Burulkan-eje da Murhun Aji Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a, ashirin da huɗu ga Oktoba, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Burulkan Osmonova a asibitin gunduma, tana da shekara sittin da ɗaya. Shekara talatin da takwas ta yi tana koyar da ƙananan yara 'yan aji biyu a makarantar ƙauyenmu. Eje muke kiran ta, wato babbar yaya. Ni Sairagul, bango ɗaya ne ya raba ajina da nata. Raina a ɓace nake rubuta wannan, kuma ba zan ɓoye ba.

Eje, kin san halinmu. Da kaka ta shigo, an gama tonon dankali, tumaki sun sauko daga duwatsu, sai ki tara yara gaban murhun aji. Ki nuna musu farantin ƙarfen nan da ake turawa a toshe bututun hayaƙi don zafi ya zauna a ɗaki. Ki ce kada hannu ya taɓa shi muddin akwai shuɗiyar wuta a kan kwal, domin iskar da ke fita a lokacin ba ta da wari, sai dai ciwon kai da barci. In iyaye mata sun zo liƙe tagogi da takarda da kunun fulawa, ki tsaya a kansu sai sun bar ƙaramar taga ta sama. Su yi ta ƙunƙuni, wai kina so mura ta kashe musu 'ya'ya. A ɗakin malamai aka sa miki suna Uwar Bututu. Ni ma na yi dariya, ba sau ɗaya ba.

Kuma ni ce wadda kika rufa wa asiri. Shekarar da na zo, ko hura kwal ban iya ba, ajina ya turnuƙe da hayaƙi. Kika shigo kika gyara wutar, sannan kika ce wa yarana sabuwar dabara ce nake gwadawa, kin zo koyo. Aljihunki bai taɓa rabuwa da busasshiyar tuffa ba, saboda yaran da ke tsallako rafi ba su karya ba. Safar ulu nawa kika saƙa wa 'ya'yan makiyaya, kina cewa tsintarta kika yi? Allah kaɗai ya sani.

Bana shugaban makaranta, Tologon-agai, wato Malam Tologon, ya soke darasin murhu. Manyan baƙi za su zo Bikin Kaka daga gunduma, shi waƙa da rawa yake so. Da kika yi magana ya ce, "Eje, yaran nan a gindin murhu aka haife su, ba sai an koya musu wuta ba." Aka yi dariya, ya ji daɗi.

Safiyar Alhamis ya sa aka hura murhun ajinki, don shi ne babba. Ya tura ki bakin ƙofar makaranta tarbar baƙi da shayi. Shi kuwa, don kada manya su zauna da kwat a jikinsu, ya hau kujera ya tura farantin da hannunsa, wuta na ci. Ya rataya dardumar ado a kai, ya sa aka liƙe ƙaramar tagar, wai tana ɓata tsari. Na gan shi da idona. Na ce a raina ai shi ne shugaba, na wuce. Wannan shirun zan mutu da shi.

Da kika leƙa ajin, kika tarar da yara ashirin da uku cikin shigar karas da kabewa, ranar biki, amma tsit, sai hamma. Nan take kika gane. Kika kora su waje, kika ƙirga, ashirin da biyu. Ga maza tsaye da dogayen hulunansu, ga baƙi da takardun jawabi, babu wanda ya motsa. Ke tsohuwa mai ciwon gwiwa ce kika koma. Kin daɗe kafin ki gano ta ashirin da ukun, Aiperi, ƙarƙashin tebur, bayan tarin kabewa, barci ya kwashe ta. Kika jawo ta har waje, kika zauna kan matakala. Abin da kika ce mini ke nan: "Sairagul, sake ƙirgawa." Kafin in gama kin yanke jiki kin faɗi.

Aiperi tana raye. Jiya na gan ta tana tsalle a ƙofar gidansu.

Ranar jana'iza babu wanda ya kai Tologon kuka. Shi ne a gaba, shi ne mai jawabi, wai makaranta ta yi rashin uwa. Kunya dai ba ta ishe shi ba. Kwana uku ba a yi ba ya fito da takarda, wai tsohon ciwon zuciya ne ya kayar da ke, murhu lafiyarsa ƙalau. Ba rami, me ya kawo maganar rami? Malamai bakwai sun sa hannu, kawunansu a sunkuye, har da waɗanda kika koya wa riƙon alli. Da ya zo kaina ya kwantar da murya. "Ƙanwata, wanda ya tafi ya tafi. Saura miki shekara uku ki yi ritaya, ki yi tunani." Na ce, "Agai, na gan ka a kan kujera." Tun ranar ba ya amsa gaisuwata, kuma an fara cewa ajina zai samu sabuwar malama. To, a kawo ta. Ban sa hannu ba, ba kuma zan sa ba.

Allah ya jiƙan ki, eje, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki. Ya sa yaran nan ashirin da uku su zama hujja gare ki ranar da babu shugaba sai Shi. Mu da muka yi dariya, muka yi shiru, Allah ya ba mu ikon tuba. Wanda ya san abin da hannunsa ya yi, na bar shi da Allah.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki, Nurzada da Ermek, da jikokinki, da mijinki Japar-baike, wato Yaya Japar. Allah ya ba ku haƙuri. Baike, na zauna a gidanka kwana uku, na sha shayinka, na ji kana zargin kanka wai ba ka kai ta likita da wuri ba. Na kasa buɗe baki a gaban mutane. Ka daina zargin kanka. Zuciyar matarka lafiya lau take, ba ita ta kashe ta ba.