Anti Batulu da Tsagar da Ba Ta Gida Ba

Ku yi haƙuri, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, kuma aikin Anti Batulu har yau rabinsa na fahimta.

Kullum da safe takan hau bas daga unguwar Sparkhill zuwa lab, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, inda ba ta ganin majiyyaci, sai jininsa. Ta ce ƙwayoyin jini ma suna da tsagar gado: dangin B da tasu, dangin T da tasu. Da tsagar ake gane irin kansar, da ita ake zaɓen magani.

Bara wuyan Babana ya kumbura. Aka ɗebi nama don gwaji, sakamako ya ƙi fitowa. A wani taron suna Mama ta zauna kusa da Anti tana faɗa: "Mutanen lab ɗin nan ko tsoron Allah ba su da shi, shayi kawai suke sha." Anti ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, Maman Hanan," ta ƙara mata zobo.

Da ta ajiye aiki, na taso daga unguwar Fallowfield ta Manchester don walimarta. Chloe, abokiyar aikinta, ta miƙe ta ba da labari, ba ta kama suna ba. Wai bara an kawo ƙwayoyin B ɗauke da tsagar T, kamar ka ga zanen Gobirawa a fuskar Babarbare. Anti ta sake gwaji, abin bai canza ba. Ta ce, "Ban gane ba, kuma ba zan sa hannu a abin da ban gane ba." Aka tura Manchester, suka tabbatar B ne. Da an bi tsagar, da wani maganin aka ba mutumin.

Cokalin Mama ya tsaya a hannunta. Baba kuwa yana can yana cin tsirensa.

Anti, ke ce mai riƙe baki ana zaginki. Na gode, ko Baba ne ko uban wata. Masu tasowa, in kun rikice ku faɗa kamar ita.

A ranar walimar na sami Anti a kicin na ce, "Anti, na Baba ne?"

"Hanan, kin ci abinci kuwa?"

Mama ta shigo, ta karɓe tiren hannun Anti. Na ɗauki takalmana a hannu na sulale.