Ranar da Na Wanke Sitiyari da Fetur

Har yau ban manta da Larabar da na kusa mayar da kaina tuƙin babbar mota da hannuna ba. Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina direba a wani ofishin aikin gona a Birnin Kebbi. Na daɗe ina jan babbar mota, ina kai taki da irin shinkafa Zauro da Ambursa, har bayana ya san kowane rami na hanyar.

Sai aka aiko wa shugabanmu, jami'in gona na shiyya, sabuwar ƙaramar mota daga Sakkwato. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ba a ɗora direba a motar shugaba kai tsaye. Babban direba ne ke zaɓen mutum, ya ba shi gwajin wata ɗaya, ranar ƙarshe ya duba motar ciki da waje. In ya gamsu ya sa hannu, in bai gamsu ba ka koma inda ka fito. Babban direbanmu Alhaji Bawa ne, mutumin da zai hango ƙura a madubi daga bakin ƙofa. Shi ya miƙa mini makulli, kuma na so motar nan har cikin raina.

Saura kwana biyar gwajina ya ƙare muka je Argungu duba gonakin fadama. Shugaba ya shiga cikin manoma, ni kuma wani masunci ya kawo mini soyayyen kifi da yaji. Na zauna a mota na ci na suɗe yatsu, na goge hannu a wando, na kama sitiyari. Sitiyarin kuwa naɗe yake da baƙar fata mai laushi. Kafin mu iso gida ya yi danƙo, yana ƙarnin kifi.

A babbar mota wannan ba matsala ba ce. Sitiyarinta roba ce mai tauri, ka tsoma tsumma a fetur ka goge, shi ke nan. Haka na yi, har da ƙarawa don ya fita sosai. Maiƙon ya fita. Sheƙin ma ya bi shi. Fatar ta koma fari-fari, ta bushe, ta yi kaushi kamar ƙafar da ba ta san mai ba. 

Washegari muka sake komawa Argungu taro. Duk tsawon hanya na baje hannuwana a kan sitiyari ina rufe ɓarna, har shugaba ya ce, "Umaru, yau ka riƙe mota kamar za a ƙwace maka ita." Na yi dariyar dole. Ina sauke shi na nufi layin dukawa a kasuwa, masu ɗinkin takalma da jakunkuna. Aka nuna mini wani tsoho, Baba Noma, na durƙusa na gaishe shi na roƙe shi ya zo ya gani.

Ya leƙa, ya shafa, ya sunsuna yatsansa.

"Mi kas sa mata?"

"Fetur, Baba."

"Hetur! Kai ɗana, in jikinka ya yi dauɗa da hetur kaka wanka? Wagga hwata ce awa taka. Kai motar ga inuwa, hwata ba ta shan mai cikin rana."

Na kai ta gindin wata bishiya. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi a kwano da ɗan sabulun salo. Ya jiƙa tsumma ya matse shi har ba ya ɗiga, ya bi sitiyarin a hankali, ba dirza. Wurin ɗinki kuwa ya tauna asuwaki ya yi laushi, ya riƙa fitar da dattin da ya maƙale tsakanin zare. Sannan ya goge da busasshen tsumma, muka zauna muna jira, ni ina duban agogo, shi yana cin goro.

Da ta sha iska ya lakato man kaɗanya, bai fi ƙwayar wake ba, ya murza a tafinsa har ya narke, ya shafa zagaye. Na ce, "Baba, a ƙara mana, ta sha sosai."

"In ƙara, hannunka shi sulɓe ka kai mutane cikin gulbi? Kaɗan-kaɗan aka ba ta. Gobe ka sake, jibi ka sake. Ka goge har in ka aza yatsa ba shi barin shaida."

Da na tambayi ladansa, sai ya ce bai taɓa zama a kujerar direba ba, yana so ya danna oda sau ɗaya. Ya zauna, ya gyara hula, ya danna. Awakin kasuwa suka watse, dukawa suka fashe da dariya, ya fito yana cewa an biya shi.

Na bi maganarsa kwana uku. Fatar ta dawo da laushinta da baƙinta, sai wani tabo a can sama da ya ƙi komawa daidai.

Ranar Litinin Alhaji Bawa ya zo da takardarsa. Ya duba baƙin mai, ya duba ruwa da tayoyi, sannan ya shiga ya zauna. Babban yatsansa ya tafi kai tsaye kan tabon.

"Mi as sami nan?"

Na yi niyyar cewa rana ce, amma bakina ya ƙi. Na faɗa masa komai, daga kifi har oda. Ya riƙa murza sitiyarin, ni kuma ina ta tunanin buhunan taki.

"Kai kak kai ta wurin baduku da kanka?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"To ɓarna kowa na yi. Mafi yawa su ɓoye, sai abu ya lalace a ji. Kai ka ɓata, ka nemi wanda ya fi ka sani, kuma ka gaya man gaskiya." Ya sa hannu a takardar, ya miƙo mini makulli. "Amma in na sake jin ƙarnin kifi cikin motar ga, kai da taki har ritaya."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan: ba duk ilimin mota ne yake gareji ba, wani yana hannun tsoho a kasuwa, kuma ba a rage maka komai don ka durƙusa ka tambaya. Manya ma sun fi yafe kuskuren da ka faɗa da bakinka. Na ja motar nan har ta tsufa, sitiyarinta bai tsage ba. Kifin Argungu kuwa ban daina ci ba, sai dai a bakin gulbi, da sabulu a aljihuna.