Ndagi Mai Fasa Kai

Farfesun kai nake sayarwa a Limawa, kuma tun ina goyon ɗiyata ta fari Ndagi ke fasa mini kawuna. Banufe ne daga Bida, gajere, ga wuya kamar turmi. Ba ya yanka, ba ya fiɗa. A babbake kai a miƙo masa, ya ɗora a kututture, sara ɗaya ya raba ƙoƙon biyu, ƙwaƙwalwa ta fito ɗungurungum ba ta fashe ba.

Surutu gare shi, ko ba ka tambaya ba sai ya koya maka. Ƙwaƙwalwar saniya, in ji shi, ba a faffaɗan goshin nan take ba, tana can sama ƙarƙashin tushen ƙaho. Tarwaɗa ga kai kamar faranti, amma abin da ke ciki bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Kaguwa ce kawai ta gagare shi.

"Hajiya, wannan abu ba shi da kai ma," yakan ce. "Ina zan sara?"

Ni kuwa in ce ya bar kaguwa ya nemo tasa ƙwaƙwalwar tukuna. Mu yi dariya.

Wani lokaci akan kawo tunkiya mai hajijiya, wadda ke ta zagaye wuri ɗaya har a gaji a yanka. In ya fasa kanta sai a ga wata 'yar jakar ruwa kwance cikin ƙwaƙwalwar, da fararen ɗigo a jikinta. Irin wannan ba ya sayar wa kowa, yana da amana. Sai ya ƙulle a leda ya kai wa karensa da ke gadin lambun bayan gidansa a Beji. Haka ya ga ubangidansa na yi, haka duk 'yan kwata ke yi.

Matarsa Saudatu ce ke kula da lambun. Ita ke share kashin karen, ita ke tsinko alayyafo da yakuwa.

Da ciwon kai ta fara. Sai amai, sai ido ɗaya ya dushe. Dangi suka ce iska ce, aka yi ta ruƙiyya da hayaƙi. Ranar da na je dubiya na ga ta tashi za ta ɗebo mini ruwa, ta nufi randa amma ƙafarta na janta hagu, ta zagayo inda ta taso. Na dubi Ndagi. Wallahi ban taɓa ganin tsoro a fuskar namiji irin na ranar ba.

Ni na raka su asibiti. Aka ɗauki hoton kanta, likita ya ɗaga ya nuna mana wata baƙar da'ira a gefe guda. Ya ce jakar tsutsa ce, ba kasafai take kama mutum ba. Ƙwanta a kashin kare yake, kare kuma yana samunta ne in ya ci ƙwaƙwalwar dabba mai ciwon.

"Kuna da kare?" likitan ya tambaya.

"Akwai," in ji Ndagi.

"Me kuke ba shi?"

Ndagi ya zauna a ƙasa, nan kan siminti, ya riƙe kansa da hannu biyu.

Aka ce sai an kai ta wani gari a buɗe kan. Ana cikin shirin tafiya Allah ya karɓi abinsa. Na yi kuka, na kuma ji haushin da har yau ban san wa zan ɗora wa ba.

Ndagi ya dawo bakin kututture, don yara sai sun ci. Ya daina koyar da kowa komai. Shekaranjiya ya fasa kan wata tunkiya, sai ga jakar ruwan nan. Wani mahauci ya miƙo leda ya ce a ba shi ya kai wa karensa. Ndagi ya kwashe ƙwaƙwalwar da hannunsa, ya je ya cusa ta cikin wutar babbaka, ya tsaya a kai, hayaƙi na shiga idonsa, har ta ƙone ƙurmus.