Ranar da Ina-Yake Ya Gyara Ɗakin Umma

Babban yayana shafukan intanet yake shiryawa. Ba shi ke zana su ba, ba kuma shi ke rubuta abin da ke ciki ba. Shi dai nasa ya yanke inda kowane bayani zai zauna, yadda in ka shiga shafin asibiti neman ranar da likitan yara ke zama, ba sai ka ratsa ta tarihin asibitin da hoton shugabansa ba. Umma ta daɗe tana neman yadda za ta bayyana wa ƙawayenta wannan sana'a. Daga ƙarshe ta tsaya a kan cewa, "Kabad yake jera wa mutane, amma a cikin kwamfuta."

A ofis Ina-Yake suke ce masa. In ya gama shiri, sai ya taro duk wanda tsautsayi ya biyo da shi, ko direba ko akanta, ya zaunar da shi gaban kwamfuta ya ce, "Lambar wayar ɗakin haihuwa, ina take? Nemo min." Sannan ya koma gefe ya danne hannayensa a ƙarƙashin cinyoyinsa, don kada su nuna hanya. Ko wuni za ka yi kana lalube ba zai ce uffan ba. In ka ɓata, ya ce laifin shiri ne, ba naka ba. Wannan fa mutumin da a gida ba ya barin ka kai aya.

Da ya tsaya a kwamfuta da sauƙi. Matarsa ta ce tun da ya gyara mata kicin, sai ta tsaya ta yi tunani ko ashana tana cikin "Girki" ko cikin "Wuta".

Ni ce auta, ni nake zaune da Umma, kuma akwai abin da na sani wanda Yaya bai sani ba: yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta sa na yi mata alkawarin yin shiru. "In yayanki ya ji, ɗauke ni zai yi ya kai ni benensa, a ajiye ni kan kujera kamar baƙuwa. Ni da ɗakina." Ɗakin kuwa mai kallo zai ce hargitsi ne, amma hannunta ya haddace shi. Maganin hawan jini yana cikin tsohon gwangwanin biskit a bayan rediyo. Allura da zare suna cikin kofin da hannunsa ya karye. Tocila tana cikin takalmin da ba ta sawa.

Sai ga Yaya ya sami hutu, ranar da Umma ta je duba ƙanwarta. Ya shigo da robobi farare, duk girmansu ɗaya, kowace da takarda a goshi: Lafiya, Ɗinki, Takardu, Wuta.

Na ce, "Yaya, don Allah ka bar mata ɗakinta yadda yake."

Ya ce, "Ke dai Auta ba kya son ci gaba."

Alkawari ya ɗaure min baki, ina ji ina gani ya kwashe komai.

Umma ta dawo da la'asar. Ko mayafi ba ta cire ba ya ce, "Umma, maganin hawan jininki, ina yake? Nemo min." Ya zauna bakin gado ya danne hannayensa.

Ta ce, "Au, yau ni ce direban ofishinku?"

Ta miƙa hannu bayan rediyo. Wayam. Ta ɗan tsaya, sai ta ɗauko labarin gwiwar ƙanwarta, tana yi tana shafa robobin ɗaya bayan ɗaya. Robar da aka rubuta wa Lafiya da manyan baƙaƙe tana daidai hancinta, ta wuce ta. Ta ɗauki wata ta kai kunne ta girgiza. Ta buɗe, zare ne. Ta rufe, labarin gwiwa bai tsaya ba.

Tausayinsu ya kama ni su biyun. Yaya ya ga mutane da yawa sun ɓata a gabansa. Ya san wanda ya karanta bai gane ba, ya kuma san wanda bai ma ga rubutun ba. Ina kallo murmushin ya bar fuskarsa.

Ya ce, "Laifin shiri ne, Umma, ba naki ba." Muryar ba irin ta ofis ba ce. Ya juyo gare ni. "Auta, ina gwangwanin nan?"

"Yana cikin shara, inda ka jefa shi."

Da kansa ya tono shi, ya wanke, ya goge da gefen rigarsa. Har magariba yana ɗaga abu yana cewa, "Umma, almakashi fa, ina yake zama?" Ita kuwa ta harɗe a gado tana ba da umarni, har da na mugunta. Tocila ta koma cikin takalmi. Mai shirya wa asibiti shafi ya durƙusa yana tura buhun tsummoki ƙarƙashin gado, daidai inda ƙafarta ta saba taɓa shi.

Da zai tafi ya tsaya bakin ƙofa rungume da robobinsa. "Umma, likitan ido ranar Talata yake zama. Ni na sa shi a shafin, na san inda yake. Zan kai ki, in dawo da ke nan ɗakin."

Umma ta juyo inda take jin numfashina.

Ya ce, "Ba ita ta faɗa ba."

Ta mayar da fuskarta gare shi. Can ta ce, "Nan ɗakin ka ce?"

"Nan ɗakin."

"To ka zo da wuri. Kuma in sun wanke min idon, kada ka ɗauka zan karanta takardun nan naka."

Ta miƙa hannu bayan rediyo ba tare da ta waiwaya ba, ta ɗauko gwangwaninta.