Tabarmar Alhamis ta Malam Dalhatu Nagoda

Kowace Alhamis bayan La'asar, Inna Sakinatu tana fito da tabarma babba ta shimfiɗa a gindin dalbejiyar da ke ƙofar gidansu a Tudun Wada. Sai ta koma ta riƙo mijinta, Malam Dalhatu Nagoda, yana jan ƙafar dama, ta zaunar da shi a kujerar katako ta jingine masa sanda. Yana zama yana duban titin da ya nufi unguwar Kongo, tireloli na wucewa da siminti, 'yan babura na ta hon. Tabarmar tana iya cin yara ashirin, amma yawanci akuya ce kaɗai ke hawanta. In an kira Magariba sai Inna ta naɗe abinta. Gidana yana kallon nasu, kuma ba na ɓoyewa, abin nan yana ci mini rai.

Mai karatu da bai san shi ba, ba laifinsa ba ne. Malam Dalhatu malamin firamare ne wanda ya rubuta littattafan bincike na matasa, waɗanda yara biyu, Kailani da Atika, suke bin sawu har su gano wanda ya yi ɓarna. Na farkonsu ya zo na ɗaya a wata gasar rubutu, aka ba shi kofin azurfa da keke. Keken ya ƙare a hanyar makaranta, kofin kuwa Inna Sakinatu tana zuba allura da zare a ciki. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya ɗauke masa hannun dama da magana, ya ajiye aiki. Ba a yi taron sallama ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yadda yake rubutu ba irin na kowa ba ne. Ba ya taɓa rubuta babin ƙarshe sai ya gwada labarin a kan yara. Yakan tara su a wannan tabarmar ya karanta musu babi-babi, in ya zo daidai inda za a kama mai laifi sai ya rufe takardu ya ce, "To, wane ne?" In wani ya cinka daidai, sai ya kekketa takardun a gabansu ya koma farko, wai labarin bai nuna ba. Na sha ganin Inna tana share tarkacen aikin wata da watanni tana faɗa: "Malam, da ka ba ni na hura wuta da su ai sun yi amfani!"

Yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Yaro ba ya ambaton suna sai ya fara kawo dalili. Wanda ya yi azarɓaɓi ya ce, "Mai gadi ne, fuskarsa ma ta nuna," sai Malam ya tashe shi tsaye.

"Ka gan shi?"

"A'a, Malam."

"To ka yi wa bawan Allah ƙazafi. Je ka ba shi haƙuri."

Haka yaro zai juya ya ba iska haƙuri, sauran suna ta dariya. Mu manya muna ɗauka wasa ne. Muntaka mai nama shi ya fara gaya mini ba wasa ba ne. Ya ce wata rana a kasuwar Tudun Wada aka yi ihun ɓarawo a kan wani ɗan dako, wai ya ɗauke rediyo daga shago. Mutane sun ɗauki itace da duwatsu, har an fasa masa kai. Sai wani saurayi mai gyaran agogo, Labaran, ya kutsa ya tsaya a kansa yana tambaya, "Wa ya gan shi? Ina dalili?" Aka dubi juna, babu wanda ya gani. Kafin a watse ƙanen mai shagon ya dawo da rediyon a kafaɗa, ashe ara ya yi. Muntaka ya tambayi Labaran ina ya samo wannan ƙarfin hali, ya ce, "A tabarmar Malam Dalhatu. Sau biyu ina ba iska haƙuri."

Kai ne, Malam, ka ceci wannan ɗan dako kana zaune a gida ba ka ma sani ba. Dalhatu mai hana ƙazafi, na Sakinatu ba a yi maka gaggawa.

Sai kuɗin man fetur suka shigo gari. Aka yi ƙarin albashi, kowa ya sayi babur, mai babur ya sayi mota. Alhajin bayan layinmu ya kawo talabijin ya ɗora a taga, kuma tun daga ranar yara suka san inda suke kwana da rana. Tabarma ta riƙa raguwa, daga cika zuwa rabi, daga rabi zuwa jikokin maƙwabta da aka turo dole. Malam bai yi ƙorafi ba. Ya ci gaba da sabon labari, "Takalmi Ɗaya a Bakin Kubanni", inda aka sace kan keken ɗinkin wani tela aka bar takalmi ƙafa ɗaya a bakin rafi. Ya rubuta komai sai babin ƙarshe. Yana jiran yaran da za su cinka ciwon ya same shi, sunan mai laifin yana cikin kansa shi kaɗai. Likita kuwa ya gaya wa Inna cewa irin wannan ciwo yakan dawo, kuma in ya dawo ba ya sallama.

Wani ma'aikacin kamfanin da ke buga masa littattafai ya zo da dabara, ina wurin. Ya durƙusa ya ce, "Malam, abu mai sauƙi ne. Zan karanto sunayen mutanen labarin, in na zo kan ɓarawon ka ɗaga kai. Mu sai mu sa wani ya ƙarasa." Ya fara: mai gadi, mai wanki, mai kwale-kwale. Malam ya dube shi, ya juya fuska ga bango, bai sake waiwayowa ba har mutumin ya tashi babur ɗinsa. Inna ta raka shi da cewa, "Ɗan nan, ka zo masa da suna babu dalili. Ko lafiyarsa ƙalau ba zai amsa maka ba."

A wannan daminar aka sami wadda ta zo. Hafsatu Dabo ce, malamar makaranta a Gyallesu, wadda tana yarinya ta fi kowa shan tsayuwa a tabarmar nan saboda saurin baki. Ta ji labari ta zo ta ari takardun, ta tafi da su. Ranar Alhamis ta dawo ta zauna a tsakiyar tabarma ita kaɗai, mace da 'ya'yanta uku, ta naɗe ƙafa kamar 'yar aji biyu.

"Baba Malam, na zo da dalili."

Ya ɗaga mata gira.

"An ce an yi ruwa da asuba. Da ɓarawo ne ya yar da takalmin yana gudu kafin ruwan, da ƙasar da ke ƙarƙashinsa a bushe take. Amma Atika ta ɗaga shi ta ga laka. Ke nan ajiye shi aka yi bayan ruwa ya ɗauke, don a shafa wa mai shi laifi. Mutum ɗaya ne kuwa ya fita bayan ruwa."

Ta matsa ta raɗa masa suna a kunne. Ni ban ji ba, kuma ko na ji ba zan faɗa ba. Malam ya rufe ido, ya gyaɗa kai, hawaye na bin ɓarin fuskar da ba ya motsi. Sannan ya miƙa hannun hagu yana neman takardun.

Duk mun san abin da yake yi wa labarin da aka cinka. Inna ta ce, "Malam, don Allah. Ba ka da hannun sake wani." Ya ɗora takardun a cinya, ya danne da gwiwar hannu, ya kama gefensu. Ya daɗe a haka. Sai ya saki, ya lalubo alƙalamin da har yanzu Inna take maƙala masa a aljihu kowace safiya, ya ɗora a kan takardun, ya tura wa Hafsatu.

Ta rubuta babin. Kamfanin ya ce injinansa sun cika da kalandun 'yan kwangila, a jira. Hafsatu ta ce su ma su jira, don ba za ta kai musu ba sai an karanta wa yara a tabarma an ce musu "Wane ne?" kamar yadda aka saba. Yaran ne babu.

Malam Dalhatu, mun gode. Ka koya wa 'ya'yanmu su riƙe bakinsu a kan mutuncin mutane, a lokacin da garin ya koma kowa na nuna kowa da yatsa. Ba mu saka maka da komai ba, kuma ina jin kunyar hakan a madadin unguwar nan duka. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka wa Inna Sakinatu da alheri.

Ku kuma iyayen Tudun Wada da Kongo da Gyallesu, ba gudummawa na zo nema ba. Ku yi koyi da shi a gidajenku, in yaro ya kawo muku suna ku tambaye shi dalili. Ranar Alhamis kuma ku kashe talabijin ɗin nan ku turo su. Hafsatu za ta karanta, Malam zai saurara daga kujerarsa. Jiya ma Inna ta shimfiɗa tabarmar, ta kori akuya, ta tsaya tana duban titi.