Buhunan Wake a Ɗakin Inna

Yayana Alhaji Sule, mai sayar da hatsi, ya yi shekaru yana jibge buhunan waken da ya barbaɗa wa maganin ƙwari a ɗakin da mahaifiyarmu ke kwana. Yau Inna ba ta san sunana ba. Abin da ya sa na ɗauke ta zuwa asibiti ke nan.

Kurfi

Shida saura kwata muka isa tasha. Na biya kujera biyu a gaba don kada a matse ta. Kafin mota ta cika ta gaida direba sau huɗu.

"Lafiya lau, Hajiya, kamar dai ɗazu," in ji shi.

A shingen sojoji ta leƙa ta tambayi soja ko ya ga awakinta. Awakin da aka sayar tun ina saurayi.

Dutsin-Ma

Bakwai da 'yan mintoci muka sauka. Na saya mata koko da ƙosai, ta ci, ta ce an bar ta da yunwa. Sai sha ɗaya muka ga likita, wata mace mai haƙuri. Ta tambayi Inna wane wata muke ciki, Inna ta yi dariya kawai.

Likita ta ce da alama cutar mantuwa ce, Alzaima. Wai ƙwaƙwalwa kan yi wani kumburi daga ciki wanda ido ba ya gani, kuma gubar da mutum ya daɗe yana shaƙa tana iya ƙara rura shi.

Na ce, "To waken ne ke nan?"

"Ba zan rantse ba, Malam. Akwai tsufa, akwai gado. Wa ke feshi a gonarku?"

"Ni ne."

"Wa ke wanke kayan feshin?"

Na waiwaya na dubi Inna. Inna ce, da hannunta, kowace damina.

Na zo neman mai laifi ɗaya, na fito ban san su nawa ba ne.

Gida

Da la'asar muka dawo, alhamdu lillahi. Na iske Alhaji a zaure.

Na ce, "Likita ba ta ce kai ne ba, ba ta kuma wanke ka ba. Ni ma ba ta wanke ni ba. Amma buhunan nan yau za su fita."

"Haba Garba, ai Inna ba ta taɓa kuka da su ba."

Na ce, "Ta yi, Alhaji, har sau uku a gabana. Ita ce ta manta. Ni ban manta ba."